Biyu da Rabi a Awon Ƙonni

Ina shanya wanki da hantsi Alhaji Mamman ya yi sallama a zaure. Shi ne maƙwabcin teburin maigidana a layin 'yan canji, kuma bai taɓa zuwa gidanmu da rana ba. Na sa hijabi na leƙa, na gan shi tsaye riƙe da takalman Alhaji, maigidana, a hannu. Ya ce, "Hajiya, ki taho asibiti. Alhaji ya hwaɗi." Ban tambaye shi komai ba. Takalman sun ishe ni.

A asibiti wata nas ta soki ɗan yatsansa ta ɗiga jinin a na'urar awon sukari. Na'urar ba ta nuna lamba ba. Ta ce sukarin ya hau har ya wuce abin da take iya ƙirgawa. Washegari, ana shirin kai shi Sakkwato, ya cika. Allah ya jiƙansa.

Tun da na dawo daga tafiyar da na yi bayan na fita takaba, matan Islamiyyarmu ke tambayata abin da ya kai ni Nijar da Sakkwato da buhun sassaƙe. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi a bakin ƙofa, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya.

Alhaji ya daɗe da ciwon sukari. Yana shan ƙwayar asibitin Illela, awonsa kuma yana kaiwa sha huɗu, alhali an ce masa bai kamata ya wuce bakwai ba. Sai wani ya kwatanta masa wata tsohuwa mai magani a wani ƙauye arewa da Ƙonni. Ya je ya karɓo gari mai ɗaci, ana jiƙawa a sha. Bayan ya fara sha, ranar kasuwar Ƙonni ya shiga wani shagon magani a can aka auna shi. Ya dawo gida fuskarsa kamar ranar salla, ya ce, "Luba, daga sha huɗu zuwa biyu da rabi!" Daga ranar ya ajiye ƙwaya, ya daina zuwa asibitin Illela, domin ya ce faɗa kawai suke yi masa. Duk ranar kasuwa a Ƙonni ake auna shi, kullum biyu da wani abu. Ya koma shan shayi da sukari. Yana ramewa, yana shan ruwa kamar raƙumi, yana cewa magani ne ke wanke jiki.

Abin da ya hana ni barci a takaba shi ne wannan: yaya mutumin da awonsa ke biyu da rabi zai faɗi da sukarin da na'ura ta kasa ƙirgawa? Ba don in dawo da wanda ya tafi nake tambaya ba. Don Nasiru ne, ɗana namiji tilo, wanda ya gaji teburin mahaifinsa. Shi ma an same shi da ciwon, shi ma ya ajiye ƙwaya, yana shan sauran garin da uban ya bari, ana auna shi a Ƙonni. Yana da mata da yara biyu ƙanana. In na yi magana sai ya ce, "Inna, maganin Baba shina aiki. Na'urar asibiti ce ta lalace. Ajali ne."

Cikin masu zuwa gaisuwa akwai Safiya, 'yar tsohon maƙwabcinmu, wadda ke karatu mai zurfi a Sakkwato. Aikinta gwada itatuwan magani ne, a ga ko da gaske suna saukar da sukari. Ta ce in zan iya kawo mata itatuwan da kansu, da ganye da reshe ba gari ba, za su gwada. Na sa ta maimaita a gaban Nasiru. Ya ce, "To. In mutanen Sakkwato sunka ce ba shi aiki, in koma ga ƙwaya." Wannan alkawarin ne ya fitar da ni daga gida.

Ban tafi ni kaɗai ba. Yaya Abu, yayar Alhaji, ta ce ƙafata ƙafarta. Ita ma tana da ciwon, amma ba ta taɓa shan garin ba, ta ce ɗacin duniya ya ishe ta. Da safen tafiyar 'yarta ta tilasta mata tsayawa a kemis a auna ta, aka samu sha ɗaya. Ta fito tana mita: "Sha ɗaya kullum, kamar an rubuta min shi a goshi."

Muka hau kabu-kabu biyu zuwa bakin iyaka. Sai mun bi ta layin 'yan canji, ni kuwa ban taka wurin ba tun rasuwar. Na ga Nasiru zaune a kan bencin ubansa, da gorar ruwa babba a gefensa. Na kawar da kai. A ƙofar iyaka ba a wahalar da mu ba. Wani jandarma ya duba katinmu ya ce, "Ina zuwa, iyayena?" Yaya Abu ta ce, "Gidan ubanka, in kana gayyata." Ya yi dariya ya ɗaga mana igiya. Mai babur ɗin Yaya Abu ya shiga yashi da gudu, jakar abincinta ta faɗi, dafaffen ƙwai ya watse a hanya. Ta bi shi da addu'o'in da ba zan rubuta ba.

A Ƙonni mun sauka gidan Hajiya Ramma, matar mai masaukin Alhaji na shekaru da yawa. Ta rungume ni. Ƙonni da Illela kamar gida ɗaya ne da aka raba da zana, amma akwai abubuwan da suka bambanta. Asibiti su "likita" suke ce masa, likitan kuma "lokotoro". Da rana tsaka masu ofis sukan rufe su tafi gida, sai la'asar. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa na yanka dasashi. An kawo mana dambu da zogale, da fura mai nono mai kyau. Yaya Abu ta sha furar nan har ƙasan kwano, tana cewa kar in gaya wa 'yarta.

Da yamma ta ce in raka ta shagon da ake auna ƙanenta, tana son ganin wurin da idonta. Shago ne mai tsabta kusa da kasuwa. Mai shagon dattijo ne mai farin gilashi. Yaya Abu ta miƙa yatsa don wasa, ya soka, ya duba, ya ce, "Biyu."

Ta dafa ƙirji. "Biyu? Luba, kin ji? Da sahe sha ɗaya, yanzu biyu, ga hura na sha! Ashe iskar Nijar magani ce, anka bar mu muna shan wahala!"

Mutumin bai yi dariya ba. Ya ce, "Hajiya, biyu ya yi yawa. Lahiyayye ba shi wuce ɗaya da kaɗan. Daga Najeriya kuke?" Muka ce e. Ya cire gilashinsa ya ce, "To awonmu da naku ba ɗaya ba ne. Jini ɗaya, sukari ɗaya, ƙirga daban. Biyunmu shi ne sha ɗayanku. Kamar sefa da naira."

Na ce, "Biyu da rabi fa, nawa ne a namu?"

Ya ɗan yi lissafi a kansa. "Wajen sha huɗu."

Na nemi benci na zauna. Yaya Abu ta kwatanta masa Alhaji: dogo, ɗan canji, mai yawan barkwanci. Nan take ya gane shi. Ya ce, "Alhajin Illela! Ina shi? Na kwana biyu ban gan shi ba." Yaya Abu ce ta gaya masa, ni ban iya ba.

Ya daɗe yana salati. Sa'annan ya ce, "Wallahi na sha gaya mishi biyu da rabi ya yi yawa. Sai shi yi dariya shi ce, ku mutanen Nijar tsoro gare ku, mu a Illela sai an wuce bakwai aka damuwa. Ni kuma lokacin ban san naku awon daban ne ba. Kwanan nan wata mata taz zo da na'urarta daga Sakkwato, munka gwada tare, sannan na gane." Ya ce tun daga ranar duk wanda ya ji harshensa na Najeriya ne sai ya yi masa bayani. Na tambaye shi ko wani saurayi mai kama da Alhaji yana zuwa. Ya ce yana zuwa, amma a tsaye yake karɓar lamba ya fice, ba ya jiran magana.

Ban ga laifin mutumin nan ba. Ban ga laifin nas ɗin Illela da ta ce bakwai ba. Kowa ya faɗi gaskiya da awon garinsu. Alhaji ya yi rayuwarsa duka tsakanin sefa da naira, ko a barci ka tashe shi ba zai rikita su ba. Bai taɓa zaton jini ma yana da canji ba.

Muka kama hanyar komawa masauki. Da muka kai ƙofa Yaya Abu ta ce, "To mi za mu yi wurin tsohuwa kuma? Ai mun ga abin da munka zo nema." Na ce mata Nasiru ba da mai shago ya yi alkawari ba, da mutanen Sakkwato ya yi. Kuma har yanzu ba mu san ko garin yana yin wani abu ba, ko alheri ko sharri.

Washegari muka shiga bayan wata a-kori-kura mai zuwa ƙauyen, mu da buhunan albasa da awaki uku. Bazara ce, ƙarfen motar kamar an ɗora shi a wuta. Taya ta fashe a tsakiyar fako, muka zauna ƙarƙashin wata aduwa har direba ya gama faci. Wata mata da ke cikin motar ta ji inda za mu, ta ce ai maganin Inna Hassu ba ya ƙarya, 'yan Najeriya ma sun fi kowa yabonsa. Na gane dalili.

Inna Hassu tsohuwa ce ƙarama, idonta ya kusa rufewa da yana. Surukarta, mace mai kamar shekaruna, ita ke shiga daji ta ɗebo mata itace. Da na faɗi ko ni wace ce, ta ce, "Matar mai kawo min goro. Yaya jikin nashi?" Wannan karon ni na faɗa da bakina. Ta lalubo hannuna ta riƙe, ta daɗe ba ta saki ba.

Na gaya mata zancen awo. Ban tabbata ta gane duka ba, amma ta gane cewa ya ajiye ƙwaya. Ta ce, "Ɗiyata, ban taɓa ce ma kowa shi bar maganin lokotoro ba." Sa'annan ta ƙara, "Amma ban taɓa ce musu kar su bari ba." Na zo da shirin jin haushinta, sai na rasa inda zan ajiye shi.

Na yi zaton za ta ɓoye sirrin maganin, domin masu magani ba sa son a san haɗinsu. Ba ta ɓoye ba. Ta ce abu uku ne: sassaƙen itacen ɗanya, ganyen sabara, da wani haki mai yaɗo da ke fitowa a gindin duwatsun bayan gari. Ta faɗi sunansa, ni da Yaya Abu ba mu taɓa jin sa ba. Surukar ta kai mu daji, ta sassaƙo ɗanya ta gefen gabas da gefen yamma kawai, ta ce haka aka gada, ba a zagaye itace. Ta karyo mana reshe mai sabon toho, ta yanko sabara. Da muka isa gindin duwatsun babu komai sai tsakuwa mai zafi. Hakin na damina ne. Wanda suka tara bara an riga an dake shi cikin gari tare da sauran.

Da za mu tafi Inna Hassu ta ce, "Ku kai a gwada. Uwata ta ba ni shi, ita ma uwarta ta ba ta, babu wanda ya taɓa auna shi. Ni ma ina son in sani kahin in tahi. Ku dawo in ruwa ya zauna, in kun iske ni."

A dawowa ne buhun ya zama abin kallo. A iyaka wani ma'aikacin kwastan ya kwance shi ya sansana, ya tambaya ko mene ne. Da ya ji maganin sukari ne, sai ya sassauta murya ya ce, "Hajiya, ki ɗan sam min, mahaifiyata na fama." Na ce masa ba magani ba ne tukuna, gwaji za a kai shi. Ya dube ni kamar mai rowa. Haka a motar Sakkwato, tun kafin mu kai Gwadabawa mutum uku sun roƙa. Wani dattijo har ya fito da leda. Yaya Abu ta ce masa, "Malam, ƙanena ya sha wanga abu, yanzu shina kabari. In kana so, ga shi." Ya mayar da ledarsa aljihu. Na ce mata ba mu san garin ne ya kashe shi ba. Ta ce, "Ba mu kuma san ba shi ne ba."

A Sakkwato Safiya ta tarbe mu a ƙofar makarantarsu ta kai mu ɗakin gwaji. An sa mun wanke hannu, an ba mu abin rufe hanci. Ta karɓi rassan nan da ladabi, ta shimfiɗa su tsakanin tsoffin jaridu ta danne da katako, ta ce sai masanin itatuwa ya tabbatar da ko wane iri ne, domin suna ɗaya kan hau itace biyu daga gari zuwa gari. Sauran za a shanya a inuwa, a daka, a jiƙa, a tace, a ƙafe ruwan har ya zama baƙin abu mai kauri kamar maɗi. Shi ake aunawa a ba ɓeraye.

Ta kai mu ɗakin ɓerayen. Farare ne masu jajayen idanu, kowane rukuni da kejinsa, da abincinsu da ruwansu, ga fanka tana juyawa a kansu. Yaya Abu ta ce, "Ikon Allah. Ɓera da hwanka, ni da mahuci. A gida tarko muka ɗana musu, nan sarauta anka ba su." Safiya ta yi murmushi ta ce sarautar ba ta da daɗi. Allura ake yi musu su kamu da ciwon sukari. Wasu a ba su maganin asibiti, wasu a ba su na itace, wasu a bar su haka, sa'annan a riƙa sokar wutsiyarsu ana auna jini ana kwatantawa. Daga baya a duba hanta da ƙoda, domin abu kan iya saukar da sukari ya kuma ɓata ciki. Na tsaya gaban kejin waɗanda aka bari babu magani. Sun rame, gashinsu ya tashi, suna manne da bakin kwalbar ruwa suna sha ba ƙaƙƙautawa. Na san wannan shan ruwan. Na ce a fitar da ni waje.

A baranda na tambayi Safiya yaushe za a san sakamako. Ta ce za su fara da ɗanya da sabara, kuma zai ɗauki watanni. Amma ba za su iya cewa komai a kan maganin Inna Hassu ba sai na ukun ya zo da ganyensa da furensa, domin garin da aka haɗa ba a san nawa-nawa ke ciki ba. Ta ce, "Inna, ko ya yi aiki ga ɓera, ba shi ke nuna zai yi ga mutum ba. Kar ki bari Nasiru shi jira mu. Shi koma ga ƙwaya yau." Na roƙe ta ta ce masa kawai sun gwada ba ya aiki. Ta sunkuyar da kai ta ce ba za ta iya faɗin abin da ba su gani ba. Na ji zafin haka, ko da yake na san ita ke da gaskiya.

Mun kwana gidan wata 'yar'uwa a Sakkwato, washegari muka dawo Illela. Bayan la'asar na aika aka kira min Nasiru. Na gaya masa komai, daga sha ɗayan gwaggonsa da safe har biyunta da yamma. Na ce masa biyu da rabin ubansa sha huɗu ne, bai taɓa sauka ba ko sau ɗaya. Na ce ya zo mu je kemis ɗin bakin titi yanzu a auna shi da awon gida, ya gani da idonsa.

Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Inna, kina nuhin Baba bai iya canji ba?"

Na ce ba haka nake nufi ba. Na ce babu wanda ya sani, har mai shagon kansa.

Ya ce, "Duk layin nan wurinshi aka koyon lissahi. In na yarda da wagga magana, gobe kowa shi ce Alhaji ya mutu don ya kasa gane biyu da sha huɗu." Ya ɗauki gorar ruwansa ya miƙe. A bakin ƙofa ya ce, "Na yi miki alkawari, in mutanen Sakkwato sunka yi magana in bi. Sun yi?"

Na ce ba su yi ba tukuna.

Matarsa ta gaya min ta ajiye masa ƙwayar kusa da buta, inda zai gan ta kowace asuba. Wani lokaci takan ga ta ragu, wani lokaci ba ta raguwa. Yaya Abu kuwa ta zama mai wa'azi, duk wanda ta ji zai je awo Ƙonni sai ta tare shi ta yi masa bayanin awo biyu, ko ya so ko bai so ba. Mutum biyu a unguwarmu sun koma asibiti saboda ita.

An yi ruwan farko a makon jiya, amma bai zauna ba. Na aika a tambayo min Inna Hassu, an ce tana kwance. Hakin na uku bai fito ba, kuma har yau Nasiru bai yarda an auna shi a Illela ba.